Zumunci a ƙafa yake, amma wa ke lissafa ƙafafun?

Ɗan ƙanwata yana karatun yawon buɗe ido a jami'a. Da ya zo hutu Marwa, a arewacin Kamaru, wani dattijo a majalisarmu ya ce masa: "Kai yaro, yanzu raka Bature kallon giwa har sai an yi masa digiri?" Aka yi dariya, yaron ya sunkuyar da kai. Ni abin ya tsaya mini a rai, domin yaron ne ke da gaskiya.

Abin da ake koya musu nazarin zirga-zirgar ɗan Adam ne: wa ke tafiya, me ya fitar da shi, ina yake kwana, wa ke cin abinci da tafiyarsa, wa ake tsarewa a hanya. A ma'aunin hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, duk wanda ya bar inda ya saba zama na ƙasa da shekara guda, ba don a ɗauke shi aiki a can ba, baƙo ne da ake lissafawa, ko biki ya je, ko asibiti, ko ziyarar malamai. Ke nan gwaggona da ke hawa mota zuwa Kusiri, ta haye gadar Ngeli ta shiga Njamena gaisuwar rasuwa, tana cikin lissafin.

Mu kuwa mun ɗauka sai mai jan kunne da kyamara. Shi ya sa da aka sace iyalin nan Faransawa su bakwai kusa da Dabanga a watan Fabrairun 2013, bayan sun fito daga gandun dajin Waza, aka ce shi ke nan, harka ta mutu. Kuma wani ɓangare nata ya mutu da gaske. Na je Rumsiki bayan haka, na ga duwatsun Kapsiki a tsaye yadda suke, amma masu sassaƙa sun jera kaya har sun yi ƙura, samarin da ke yi wa baƙi jagora suna zaune a gindin bishiya ba mai kiran su. Na ji musu ciwo ƙwarai.

Sai dai hanya ba ta daina ɗaukar mutane ba. A shekarar 2013 ɗin ce aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo, 'yan gudun hijira daga Najeriya suka cika shi. Yanki ɗaya, wani ya daina zuwa don tsoro, wani ya zo don tsoro. Wanda bai nazarci tafiye-tafiyen nan biyu tare ba, bai fahimci ko ɗaya ba.

Kuma mu Hausawa wannan gadonmu ne. Kafin jirgin sama, alhazai a ƙafa suke ratsa ƙasar nan, su bi ta Fallomi (Njamena ta yau) da Abeshe su shiga Sudan, wasu su yi shekaru suna noma a hanya don neman guzuri, wasu su zauna can har jikoki. Madugu ya san rijiya, fatoma ya san inda baƙo zai kwana da wanda zai sayi hajarsa. Zango kansa tsari ne na karɓar baƙi.

To me ya sa tsohuwa mai zuwa bikin suna a Garwa za ta sauka a tasha da dare ba ban ɗaki mai tsafta, ba masauki daidai aljihunta? Tafiyata ta ƙarshe, a wani shinge aka sauke mu duka, aka tattara katin shaida, muka yi kusan awa guda a rana, wata mai goyo tana fifita jaririnta da bakin mayafi. Babbar mota mai baƙin gilashi ta zo, aka ɗaga mata itace ta wuce.

Na ce wa ɗan ƙanwata, idan lokacin rubuta kundinsa ya yi, ya ɗauki littafi da biro ya je tasha tun asuba, ya fara da tambayar mai goyon nan inda za ta.