Ɗanyen iccen da ke cikin madafinmu

Jama'ar Damagaram, assalamu alaikum. Tun jiya abin nan yake cina, na kasa barci da shi.

Na je gaisuwar rasuwa wani ƙauye a hanyar Mirriya. Da muka fito, wani dattijo abokin mahaifina ya riƙe hannuna ya ce, "Zo ɗana, ka ga abin da aka yi mini." Muka shiga gonarsa. Kututturen gawo ne, sabon sara, fari fat, ga sawun amalanke ya nufi titi. Shekara takwas yana rainonsa. Tun yana tofo bai kai gwiwa ba ya zaɓe shi, ya rage masa rassa, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya ɗaura masa jan tsumma don masu noma su gane. Dare ɗaya aka kwashe. Baba bai zagi kowa ba. Ya dafa kututturen ya ce "Allah ya isa" a hankali, kamar mai jin nauyin faɗa.

Na dawo gida bayan magariba, na leƙa madafi, sai ga damin iccen da na saya shekaranjiya a bakin hanya, ɗanye shar. Da arha na same shi, har na yi murna. Wallahi ban tambayi mai amalanken inda ya saro ba, kuma na san abin da ya hana ni: ba na son jin amsar.

To ƴan uwa, ni da ku mutanen gari, mu daina wanke kanmu. Wa mai amalanken nan yake sarowa domin shi? Ai mu ne. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, haka muka tashi muna ji. Kana sahun gaba a masallaci, amma tuwon da ƴaƴanka suka ci da haƙƙin wani tsoho aka dafa shi. Kuma kowa ya san haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Ina za ka gan shi ka roƙe shi, kai da ba ka san ko sunan ƙauyensu ba?

Kakanninmu sun ba mu labarin zamanin sarakunan Damagaram, lokacin da gawo yake na sarki, wanda ya sare shi da ransa yake wasa. Da aka daina jin tsoro aka yi ta sara, sai ga farin 1973, ga na 1984. Ƙasa ta zama fili fetal, iska ta binne shuka, mutum ya yi shuka sau biyu sau uku a damina ɗaya. Talakawan Magarya da Matamai da Mirriya ne suka tashi suka koma rainon tofon da ke fitowa daga tsoffin saiwoyi, abin da ake kira sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da suka dawo, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Zinder. Da hannu aka yi, gona bayan gona, maƙwabci na tsare wa maƙwabci. Wannan wahalar ce muke turawa cikin murhu.

Ku dubi gawo don Allah. Da damina ya zubar da ganye, hatsi ya sami rana ya sami taki a gindinsa. Da rani, sa'ad da komai ya bushe, sai ya yi ganye, bisashe su sha inuwa su ci ƴaƴansa. Bagaruwa ita ce jarin majemanmu. Kuka tana cikin tukunyarmu kullum. Anza ta riƙe rayuka a shekarun yunwa. Itaciyar magarya kuwa, da ganyenta za a yi mana wanka ranar da aka shimfiɗe mu. Duk tsuntsu ko akuyar da ta ci daga iccen Baba sadaka ce ake rubuta masa. An yanke masa ita, ni kuma na biya kuɗin gatarin.

Ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itatuwa, kowa ya fito ya dasa bedi, a ɗauki hoto a sa a Facebook, bayan mako biyu ba mai kai masa ko ruwan buta. Namu na gado da ya riga ya kama ƙasa, shi muke ƙonawa.

Na san hali ya yi tsanani, gas ba kowa ke iya saye ba, mai amalanken ma yana da iyali. Amma akwai busasshen icce, akwai rassan da manoma ke ragewa da kansu su kawo kasuwa. Iyayenmu mata, ku ne a bakin murhu, kun fi kowa gane ɗanye. Ku tambaya. Maigida, ka tambaya kafin ka miƙa kuɗi. In ɗanyen gawo ne ka ce ba ka so, ko da kyauta ne. Ku ji tsoron Allah ku tambaya!

Baba ya ce kututturen zai sake tofo in an tsare shi daga awaki. Ranar Juma'a bayan an sauko zan koma in taya shi jan ƙaya, in kuma nemi gafararsa ko ba nasa na saya ba. Allah ka yafe mini. Don girman Allah, wanda ke da ɗanyen icce a madafinsa yau, wannan ya zama na ƙarshe.