Wanda kotu ta wanke, wa zai biya shi shekarunsa?

A watan Satumban 2024 wata kotu a Shizuoka ta ƙasar Japan ta wanke Iwao Hakamada, tsohon ɗan dambe da aka yanke wa hukuncin kisa a 1968 bisa zargin kashe mutum huɗu. Kotun ta ce masu bincike ne suka ƙirƙiri hujjojin. A watan Maris na 2025 aka yanka masa diyyar yen miliyan 217, saboda dokar ƙasar tana lissafa kuɗi a kan kowace rana da mutum ya kwana a tsare.

A Najeriya fa? Kotun ɗaukaka ƙara ta ce an sallami mutum kuma an wanke shi, gandiroba ya buɗe ƙofa, bawan Allah ya fito da ledar tufafinsa, ko kuɗin mota babu. An sayar da gona an biya lauya, iyaye sun rasu yana ciki. Sai 'yan barka su ce masa ya bar wa Allah. Haƙuri halin kirki ne, amma ba ya sauke wa hukuma nauyin da ke wuyanta.

Sashe na 35(6) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Sai dai dole ya sake shigar da ƙara da aljihunsa. Idan ma ya yi nasara, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar, wato lauyan wanda ake bi bashin. An ba kura ajiyar nama kenan.

Ga kuma suna. A Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya yi wa Ken Saro-Wiwa da abokan gwagwarmayarsa takwas 'yan ƙabilar Ogoni afuwa, shekara talatin bayan rataye su, danginsu suka ce wankewa suke nema, domin mai laifi ake yafe wa. Gaskiyarsu.

Tun 1993 Najeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin jama'a da siyasa, wadda sashenta na 14(6) ya wajabta biyan diyya ga wanda aka yanke wa hukunci na ƙarshe, daga baya aka soke hukuncin saboda sabuwar hujja ta nuna an zalunce shi. Ya kamata Majalisar Tarayya ta yi doka: kuɗi ƙayyadaddu a kan kowace rana, daga asusu na musamman, kuma alƙalin da ya wanke mutum ya umarci 'yan sanda, a zaman nan, su goge sunansa da zanen yatsunsa daga kundin masu laifi da ke ofishinsu na Alagbon a Legas.