Ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya kai mutum gindin Everest

Wani labari da na karanta ya ce duk mai lafiya zai iya takawa daga garin Lukla na ƙasar Nepal zuwa sansanin gindin Everest, dutsen da ya fi kowanne tsayi a duniya, ni kam ban yarda ba. Tsayin Lukla mita 2,860 ne, sansanin kuwa 5,364, inda iskar oksijin ta ragu kusan da rabi. Shi ya sa ake yada zango kwana 2 a Namche Bazaar, wani gari da ke kan hanyar, don jiki ya saba. Wanda ya yi gaggawa, ruwa na iya taruwa masa a huhu, ko da ɗan tsere ne. Mai cewa kuɗi kawai ake buƙata, ka sake tunani. Kuma me ya hana marubucin ambaton 'yan dakon Nepal da ke goya kayan baƙi, wani lokaci kilo 30, suna shaƙar wannan iskar?