Haihuwa da wuri da ciwon damuwa: su wa aka bincika?

Wani rahoton bincike ya ce ƙwayoyin gadon da ke da alaƙa da haihuwar fari da wuri suna da alaƙa da ciwon damuwa. Sai dai irin wannan nazari yakan dogara ne da UK Biobank, wani rumbun bayanan lafiya da na ƙwayoyin gado na Birtaniya, mai ɗauke da bayanan mutum kusan 500,000, galibinsu Turawa, da aka ɗauka tsakanin 2006 da 2010. A ganina, kuskure ne a ɗora sakamakon irin wannan nazari kai tsaye kan yarinyar ƙauyen Jigawa ko Damagaram da ta haihu tana shekara 16, wadda iyaye suka tsayar mata lokacin aure, ta bar makaranta, ga goyo, ga daka, ga rashin barci.