Kafin a haramta jirgin katako, a tambayi wanda ya nutsar da gungunan Yawuri

Duk sanda jirgi ya kife a tafkin Kainji, kafin a gama tsamo gawarwaki sanarwar Abuja ta riga ta fito, kuma kusan kullum abu ɗaya take cewa: an yi lodi fiye da kima, ba a sa rigar kariya ba, jirgin na katako ne. Yanzu maganar ta ƙara gaba. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, yana ta kira ga gwamnatocin jihohi da su raba jama'a da jiragen katako, a koma na faiba da alminiyam, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida kuma tana amsa masa amin. Wasu 'yan boko namu, waɗanda ko rafin bayan gari ba su taɓa ƙetarewa a kwale-kwale ba, sun ɗauka suna yayatawa a Facebook cewa jahilci da taurin kan mutanen bakin ruwa ne ke kashe su. Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi ɓata mini rai, domin an bar jaki ana dukan taiki.

Mutanen da ake kira jahilan ruwa, su wane ne? Gungawa ne, waɗanda suke kiran kansu Reshe, da suka zauna a tsibiran kogin Kwara tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Najeriya. Sarkawa ne da suka gangaro daga ƙasar Kabi da tarunsu da mashinsu. Akwai Lopawa da Shangawa da Kambari a gaɓa, da Nufawa da suka hauro daga kudu, da Hausawan da fatauci ya zaunar. Masarautar Yawuri, wadda littattafan makaranta ke lissafawa cikin Banza Bakwai, a kan wannan kogi ta ginu. Ayarin fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yau, ta wannan yanki wasunsu suke ƙetare Kwara da jakunansu, kuma masu fiton nan ne ke ƙetarar da su a jiragen itace. Da rigingimun sarauta suka yi tsanani a ƙarni na 19, tsibiran nan ne suka zama mafaka, kafin a bar Birnin Yawuri a dawo da gadon sarauta Yelwa, a bakin ruwa, a 1888. Bature Mungo Park, da ya zo da nasa jirgin, a duwatsun Busa ya halaka a 1806. Mutanen wurin kuwa kullum suna ratsa waɗannan duwatsu, sun san inda ake bi da inda ake kauce wa. Wanda ya gaji wannan sani ba ya bukatar wani jami'in NIWA daga Lakwaja ya koya masa tsoron ruwa.

Abin da ya canja shi ne ruwan kansa. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka toshe kogin a 1968. Ruwa ya taru ya koma baya har wajen Yelwa, tafki mai tsawon kilomita fiye da 130. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina Sabuwar Busa. Babban tsibirin Foge, wanda ke cike da ƙauyuka da gonaki, mafi yawansa ya shige ƙarƙashin ruwa. An tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200, aka zuba su a sababbin matsugunai na gidajen bulo, da yawansu a kan tudun da ba su saba nomawa ba. Kafin ruwan ya taso an sare wani sashe na dajin, sauran aka bar shi a tsaye. Itatuwan nan ba su je ko'ina ba. Sun mutu a tsaye, rassan sun ruɓe sun faɗi, kututturan sun rage a ƙarƙashin ruwa har yau.

Sai ka haɗa wannan da yanayin kogin. Kwara a wannan yanki sau biyu take cika a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda damunar ƙasarmu ke kawowa daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana tacewa, sai ya iso nan da sanyin hunturu. Kakannin Gungawa sun san lissafin waɗannan ruwaye kamar yadda manomi ya san taurarin damuna, kuma a kansu suka tsara shuka da kamun kifi da tafiya. Tun da aka yi madatsa, hawa da saukar ruwa sun koma hannun masu buɗe ƙofofi don juya injinan lantarki. Tafkin yakan ja da baya da mitoci da dama a cikin shekara. Kututturen da jirgi ya wuce ta samansa lafiya a watan Janairu, a watan Mayu yana dab da fuskar ruwa, ba a ganinsa sai an ji ƙara. Shi ya sa za ka ga yaro tsugune a goshin jirgi, idonsa a kan ruwa, yana ɗaga wa mai inji hannu dama ko hagu. Wannan yaron shi ne duk na'urar hango haɗari da ƙasar nan ta tanadar wa tafkin da ke ba ta wuta.

A watan Satumban 2025, jirgin da ya ɗauko mutane daga yankin Malale a Borgu za su tafi ta'aziyya, kututture ya daka kusa da Gausawa, mutane da dama suka rasu, cikinsu har mata da yara. To a gaya mana, da jirgin faiba ne, kututturen zai matsa masa? Faiba ma fashewa yake yi, kuma idan ya fashe kafintan tunga ba shi da abin ɗinke shi, alhali na katako ana gyara shi a bakin gaɓa da ƙusa da kwalta kafin azahar.

Za a ce ai haɗarin jirgin Wara na 26 ga Mayun 2021, wanda ya ɗauko mutane sama da 150 aka ceto 'yan ƙalilan, lodi ne da tsufan jirgi. Haka ne, babu mai kare direban da ya fifita kuɗin fito a kan rayuka. Amma wanda ya tsaya a nan bai yi tambayar da ta kamata ba. Me ya sa mutum ɗari da hamsin za su cusa kansu a jirgi ɗaya? Saboda kasuwa ba ta jira, kuma jirgin da ya tashi shi ke nan, wani sai gobe ko jibi. Je ka bakin ruwan Yelwa ranar kasuwa ka gani da idonka: buhunan albasa a jibge a tsakiya, kwandunan banda a kansu, babura biyu uku a kwance an ɗaure su da igiya, akuya a ƙarƙashin benci, mace da goyo tana riƙe da kwanon awo, kowa na roƙon a matsa masa. Ba ganganci ya kawo su ba. Daga madatsar Kainji har ka wuce Yawuri babu gada ko ɗaya a kan wannan ruwa. Mutumin Agwara da ke hangen ƙasar Yawuri daga Rofiya, idan ya ce ta ƙasa zai zagaya, ya ɓata wuni guda a kan hanyoyin da ba su da kyau. An daɗe ana maganar gadar Rofiya zuwa Zamare, kowane ɗan takara ya san sunanta lokacin kamfe, har yau masu fito ne ke aikinta.

Ga kuma tsaro. Ba a yi wata guda da haɗarin Wara ba, ranar 17 ga Yunin 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka suka kwashe ɗalibai da malamai. Wanda ya san abin da ke faruwa a dazuzzukan da ke tsakanin Yawuri da Kontagora da Borgu ya san dalilin da ya sa mutane ke zaɓar ruwa, wani lokaci har da dare, duk da dokar NIWA ta hana tafiyar dare. Uban da ke gudun ɓarayin daji da iyalinsa ba ya duba agogo ya ga ko ƙarfe shida ta wuce.

Abin da ya fi ciwo a wannan lamari shi ne lissafin wa ya ci riba, wa ya biya. Kainji tana da injinan da aka kafa na megawat 760. Tun 2013 kamfanin Mainstream ke riƙe da ita tare da ta Jebba, yana sayar da wuta. Manyan wayoyin da suka tashi daga can sun ratsa ƙasar Yawuri sun nufi Birnin Kebbi, daga nan wutar ta ƙetare iyaka zuwa Yamai. Kowa ya tuna yadda Nijar ta shiga duhu da aka yanke mata layin a Agustan 2023 bayan juyin mulki. Wato ruwan da ya haɗiye gonakin Gungawa yana haskaka babban birnin wata ƙasa, amma tungayen da ke bakinsa da yawa fitilar batir suke kunnawa. Waɗannan mutane ne da aka sani da noman albasar rani a gefen tsibirai, suna ɗebo ruwa da ƙwarya suna watsa wa fangali ɗaya bayan ɗaya tun kafin wani ya zo da injin ban ruwa. An karɓe musu wannan ƙasa mai laka da sunan ci gaban ƙasa, suka yi haƙuri, suka koma bin ruwa duk inda ya janye suna shuka. Yau kuma jikokinsu ake cewa su ajiye jirgin da ya rage musu.

Su sayi na faiba da me? Jirgin katako a nan ake sassaƙa shi, kuɗinsa a nan yake zagayawa, daga mai katako zuwa kafinta zuwa mai inji. Na faiba daga kudu ko daga waje za a kawo shi, kuma ba sai an yi duba ba kafin a san su wa za su samu kwangilar. Idan aka kafa doka ba tare da madadi ba, jiragen ba za su daina tashi ba. Za su ƙaurace wa manyan tashoshi inda jami'ai ke tsayawa, su koma lungunan da babu mai ƙirga fasinja, a ƙara wa talaka kuɗin fito saboda abin da za a ba mai kaki.

Masu cewa ai an raba rigunan kariya ba su taɓa ganin yadda ake raba su ba: a tara sarakunan ruwa, a ɗauki hoto, a watse, wata shida rana ta cinye soson. Masu nuna bikin Rigata a matsayin shaidar cewa gwamnati na kula da mutanen ruwa kuwa, tseren jirage na 'yan kwanaki ba ya cire kututture ko ɗaya. Abin mamaki ma, jiragen da ake kawo baƙi su yi wa tafi a wajen bikin, su ne dai na katakon da ake son haramtawa.

Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, HYPPADEC, an yi dokarta a 2010, shekara 42 bayan toshe kogin, sannan ta ƙara kusan shekara goma kafin ta fara aiki. Ta taɓa aikin sare kututturai, amma tafki irin wannan ba a share shi da bikin ƙaddamarwa. A cire kututturan da ke kan manyan hanyoyin kasuwa lokacin da ruwa ya janye, a sa alama a inda ba a iya cirewa, kuma a tafi da tsofaffin masu fito domin su suka san wuraren. Kebbi da Neja su haɗa kai su sa manyan jiragen fito masu tashi a kan lokaci tsakanin Yelwa, Wara, Malale da Rofiya. Wanda ke sayar da wutar ya sa hannu a aljihu. Majalisar Sarkin Yawuri da ta Sarkin Borgu su daina karɓar ta'aziyya kawai, su nemi a rubuta musu ranar da za a aza tubalin gadar Rofiya, kuma a faɗa musu a kasafin wace shekara kuɗinta yake.