Aljanin Tekun Meziko

A teburin mai shayi. Rediyo na ba da labarin wata guguwar teku.

Bakano: Kai bawana, ku masu taƙama da boko, yaya guguwa za ta kwana tana rarrafe, ta wayi gari tana tuge gidaje? Ni dai na ce aljaninta ne ya fusata.

Bazazzagi: Alhaji, aljanin guguwar unguwarku ko leda da ƙyar yake ɗagawa. Ta teku zafin ruwa take ci. Sai ɗumin saman ruwa ya kai wajen digiri 26 take iya tsayawa da ƙafarta. Tururi ya tashi ya zama gajimare, ya saki zafi, iska ta rugo tsakiya ta kwaso wani tururin. Ka tuna Milton?

Bakano: Wanne? Baturen da ke sayen fata?

Bazazzagi: Guguwa ce, a Oktoban 2024. Ta tarar da ruwan Tekun Meziko wajen digiri 30, cikin ƙasa da kwana ɗaya ta tashi daga mataki na 1 na ƙarfin guguwa ta kai na 5, wanda shi ne ƙololuwa, gudun iskarta ya kai kilomita 285 a awa.

Bakano: La'ilaha! To me ya hana kowacce yin haka?

Bazazzagi: Zurfin ɗumin. In a sama kaɗai yake, tana juyi sai ta dama tekun, ruwan sanyi ya taso daga ƙasa, ta lafa.

Bakano: Wato ta cinye jarinta. Na san irinsu a Kwari.

Bazazzagi: Sai kuma iskar sama in ta saɓa da ta ƙasa, ta karkatar mata da kai. Wannan na cikin abin da ya rage wa Milton ƙarfi, ta isa jihar Florida ta Amurka ran 9 ga wata tana mataki na 3. In kuwa guguwa ta hau tudu, abinci ya ƙare.

Mai shayi: Kamar yadda naku zai ƙare in ba a biya na jiya ba.

Bazazzagi: Alhaji ne mai biya. Kuma ka san har da hannun yankinmu? Yawancin manyan guguwoyin Atlantika daga hadarin da ke ratsa Sahel suke samo asali. Busasshiyar iskar Sahara mai ƙura kuma, in ta shiga cikinsu, sai ta shaƙe su.

Bakano: Tsaya! Ƙura? Irin wadda muke sharewa?

Bazazzagi: Ita.

Bakano: Kuma Amurkawa na asarar dukiya? Yaro, nemo mini buhu dubu da tirela!

Bazazzagi: Ai iska ke kai musu kyauta duk shekara.

Bakano: Kyauta? Ba dillali, ba la'ada? Wa ya ba ta izini?

Mai shayi: Wanda ya ba ka izinin shan kofi uku bashi.