Tsohon jirgin faiba: kafin ka ƙirga kuɗi, ƙwanƙwasa bayansa

Tun da na sa hoton jirgin ruwan nan da na saya a shafina mutane ke bina ta akwatin saƙo: nawa ka saya, a ina ake samu, ni ma ina so. Wani bawan Allah daga Birnin Kebbi har cewa ya yi in haɗa shi da dillali, kuɗinsa na hannu. Na ga gara in amsa wa kowa a wuri ɗaya, don maganar ta wuce ta farashi.

Jirgin da kuka gani na faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da ruwan gam, tsoho ne tukuf, ina jin ya girmi babban ɗana. Daga kudu aka ɗauko shi a bayan babbar mota tare da injinsa, Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40. Ranar da na fara ganinsa a bakin ruwa a Yelwa an shafe shi da sabon fenti shuɗi da fari, sai ƙyalli yake. Mai shi ya tsoma ƙafar injin cikin durom ɗin ruwa, ya fizgi igiya sau biyu, inji ya kama. A zuciyata ciniki ya riga ya faɗa.

Kawuna ne ya dakatar da ni, ƙanin mahaifiyata, mutumin da ya tsufa a kan kogin Neja. Bai ko kalli fentin ba. Ya ari sifana ya bi jikin jirgin yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a kusa. Ko'ina ƙara take fita ƙwas-ƙwas, har ya iso allon baya inda ake rataya inji. Nan sai muka ji bus, kamar an bugi jiƙaƙƙen buhu. Ya sa aka ɗora injin a mazauninsa, ya ɗaga ƙafarsa sama, ya danna da nauyin jikinsa. Da idona na ga allon yana lanƙwasa yana komawa. Ya kwance noti ɗaya, sai ga ruwa ja-ja mai warin ruɓa yana tsiyaya daga ramin. Ya juyo ya ce, "Ɗana, wannan bayan ya sha ruwa. Ranar da ya saki, da injin zai tafi, kuma ta nan kogi zai shigo muku."

Abin da yawancinmu ba mu sani ba ke nan. Muna cewa faiba ba ta ruɓewa, kuma gaskiya ne. Amma a tsofaffin jiragen nan, a tsakiyar allon baya katako ake sakawa a lulluɓe shi da faiba ciki da waje, shi ne ke ɗaukar nauyin inji da turinsa. Ruwa na bi ta ramukan noti ya shige shekara da shekaru, katakon ya ruɓe a ɓoye, waje kuwa sumul. Fenti na rana ɗaya ya isa ya rufe wannan duka.

Na saya duk da haka, amma bayan an zaftare kuɗin sosai, kuma na san abin da na ɗauko. Mai gyara ya yanke fatar ciki, muka riƙa kwaso katakon da hannu kamar jiƙaƙƙiyar dusa. Muka bar shi ya sha iskar hunturu makonni har ya bushe ƙayau, sannan aka sa sabon katako, aka bi shi da tabarmar faiba da ruwan gam hawa-hawa. Kayan aikin ma sai daga Legas aka aiko. Gyaran nan kaɗai ya ci kusan rabin abin da na biya.

Shi kuwa inji ciniki ne daban, kada wanda ya haɗa maka su a baki ɗaya. Tashi a cikin durom ba ya nuna komai. A sa shi a kogi, a ɗora kaya, a fuskanci inda ruwa ke gangarowa, a yi tafiyar rabin awa, lokacin ne zai faɗi gaskiyarsa. Ka sa ido kan siririn ruwan nan da yake tsartarwa ta gefe, wanda direbobi ke kira fitsarin inji. In ya raunana ko ya ɗauke, robar famfon da ke cikin ƙafa ta gaji, kuma inji zai ƙone cikin 'yan mintuna. Ka kwance ƙusar ƙasa ka ga man giya: in ya fito fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa na shiga. Namu haka ya fito. Ka ciro filogi ka duba bakinsa, ka girgiza farfela ka ji ko sandarta ta karkace.

Irin wannan inji ana haɗa masa baƙin mai ne a cikin fetur, kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a jarkar lita 25. Wallahi ina jin zafin ganin yadda wasu ke zuba kowane irin mai da ido kawai, ko su rage don tsimi, sannan in inji ya kama su ce tsufa ne. Ga kuma shan mai. In ka buɗe masa wuta duka, sama da lita 15 yake sha a awa. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur ba kowa ke wannan lissafi ba. Yanzu shi ne lissafin farko.

Dalilin da ya sa na yarda da Enduro kuwa, kayansa na samuwa kuma makanikanmu sun san cikinsa. In aka kawo maka tsohon inji ƙirar Evinrude da araha, ka tuna tun 2020 aka daina ƙera shi. Araha ba ta ado, ranar da ƙaramin ƙarfe ya karye sai ka jingine jirgi wata uku.

Ba na cikin masu raina jirgin katako. Kakanninmu da maɗaci da kawo suka ratsa kogin nan, kuma in ya tsage, kowane ƙauye akwai kafintan da zai toshe shi kafin la'asar. Na faiba ya fi shi rashin nauyi, ba ya tsotsar ruwa, ba sai yaro ya zauna yana kwarfa da ƙwarya ba, ga sauri. To saurin nan ne nake tsoro. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye gungu da gonaki da tsohuwar Bussa, itatuwan da ya rufe da yawa suna nan tsaye a ƙasa. In ruwa ya ja baya kututturansu na dab da sama, ba ka gani sai ka hau. Wanda ya saba da tafiyar jirgin katako a hankali, aka ba shi na faiba ya buɗe wuta a hanyar da bai sani ba, cikin hazo ko bayan magariba, ya ɗauki rayukan mutane ya kai su bakin ƙaddara da hannunsa.

Mu mutanen yankin nan ba ma bukatar a ba mu labari. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse da mutum sama da 150, waɗanda aka ceto ba su kai 30 ba. Tsufan jirgi da lodin da ya wuce kima, su aka ambata. Har yau akwai gidajen da ba su daina kuka ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mutum ya tara kuɗin jirgi da inji, amma da an zo maganar rigar ceto sai ya ce tsada, ko ya ce ai kowa da ranarsa. Haka ne, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar, sai dai ba jami'inta ne zai shiga ruwa ya nemo ɗan wani ba.

A jirgina riguna 10 ne, don haka mutum 10 nake ɗauka, har da direba. Akwai filafili biyu, igiyar tayar da inji ta ajiya, filogi da robar famfo sabbi a cikin leda. Ranar kasuwar da ta wuce wata dattijuwa ta zo da jikarta bayan mun cika, ta yi ta roƙo, "Ɗan nan, yarinyar ai a cinya zan riƙe ta." Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, zan dawo in ɗauke ku." Ta ji haushi ƙwarai, har ta juya mini baya. Na kai na farko, na ƙona man dawowa na kwaso su su biyu.

Kai kuma ɗan'uwa na Birnin Kebbi, ba zan ba ka lambar dillali ba tukuna. Ka shigo Yauri da kanka, ka ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ka ajiye don gyara da riguna. Kawu ya ce zai raka mu, da sifanarsa.